GONA TA ƊARI BIYU DA SHA BIYU

SHAFI NA 23

Masu yi min waya suna cewa na yi shiru kwana uku, na ji ku. Ban-ruwa nake yi, ba zaman banza ba. Ga shi nan, ku karanta.

*

Habiba ba ta yi ihu ba jiya da ta zo. Da ma ihun ta yi, da ya fi wa Saliha sauƙi. Tsayawa kawai ta yi a ofishin ƙungiyar masu ban-ruwa, ta ajiye dashen albasa guda uku a kan tebur, ganyensu ya yi rawaya ya langaɓe.

"Kwana tara gonata ba ta sha ba. Mai ƙofa ya ce babu sunana a takardar da kika fitar."

Ta juya ta tafi.

Yau Laraba, hantsi ya ɗaga, albasar nan uku tana nan inda aka ajiye ta. Saliha ta kasa taɓa ta, ta kuma kasa zubarwa.

Wata huɗu ke nan da ta fara koyon kod, wato rubuta wa kwamfuta umarni, a wata cibiya a Kura, ita da Bilya ɗan baffanta. Da mutanen shirin ban-ruwa suka gama ƙidayar gonaki suka bar wa ƙungiya fayil da laftof, sai mahaifinta Malam Garzali, wanda shi ne sakatare, ya ce ta zo ta fitar musu da jadawalin rabon ruwa. Ƙofa ɗaya ce a bakin kanal, gona saba'in ke sha daga ita. Kowa da ranarsa, kowa da awanninsa. Wanda babu shi a takarda ba a buɗe masa. Yau bayan la'asar za a buga wa sabuwar takarda hatimi, ta sati biyu. Albasar da ta yi kwana tara ba ruwa ba za ta ƙara sati biyu ba. Ko mahaukaci ya san wannan.

Bilya ya shigo yana share zufa, ya ja benci.

"Har yanzu?"

"Har yanzu."

"Ke ma kin cika taurin kai. Rubuta sunanta da biro a ƙasan takardar mana, a wuce wajen."

"In na rubuta da biro, wani satin ma ta sake ɓacewa. Ina so in san inda ta shiga."

Fayil ɗin ba jerin sunaye ba ne kamar rajistar makaranta. Kamar jeren kwalla yake, babba ta haɗiye ƙarama. Ka buɗe kanal, ka tarar da ƙofofi. Ka buɗe ƙofa, ka tarar da gonaki. Ka buɗe gona, ka tarar da sunan mai ita, sannan da wani lis a ciki na masu noma ta. Domin a wajenmu gona ba ta canja suna don mai ita ya mutu. Sunan mamaci na nan a sama, magadansa na ciki. Daga wannan lis ɗin na ciki Saliha ke ɗauko sunayen da za a ba ruwa.

Sati biyu da suka wuce, kod ɗinta ya riƙa tsayawa a tsakiya yana zubo jan rubutu. Ta shiga guruf ɗin masu koyo ta tambaya. Wani da ba ta sani ba ya turo mata layi biyu, ya ce ta saka, duk inda ya ci karo da matsala zai tsallake ya wuce. Ta saka. Jan rubutu ya ɓace. Takarda ta fito fes. Har tafi Bilya ya yi mata.

Yau da safe ta sake komawa guruf ɗin. Ta rubuta:

"Don Allah a taimaka. Gona 70 ce a fayil, 69 ke fitowa. Ba ya nuna kuskure. Wadda ba ta fitowa ta wata baiwar Allah ce, shukarta na mutuwa."

Mutum biyu suka turo hoton dariya. Ɗaya ya ce ta je ta tambayi na'ura mai ba da amsa. Sai wata mai suna Khadijatul Kubra, wadda ake cewa a Zariya take aiki, ta shigo.

"Turo min kod ɗin, ba fayil ɗin ba."

Saliha ta tura.

Minti uku, amsa ta zo.

"Wa ya ba ki layin nan na tsallakewa?"

"Wani ne a nan."

"Cire shi. Kuskuren magana yake miki, ke kuma kika toshe masa baki. Cire ki bar shi ya faɗi, mu ga inda zai faɗi."

Ta cire. Ta danna. Jan rubutu ya dawo.

Bilya ya leƙo, ya karanto lambar gonar da ya tsaya a kai. "Ɗari biyu da sha biyu."

"Gonar Baffa Amiru," in ji Saliha.

Amiru shi ne autan iyayensu maza. Baballe mahaifin Bilya ne babba, shi ne kuma shugaban ƙofa. Sai Malam Garzali, sai Amiru. Bara da damina Amiru ya rasu, ya bar Habiba da 'ya'ya mata uku.

Kubra ta sake rubutowa.

"Yanzu kada ki yi zato. Ɗauko gona ɗaya mai lafiya, ki ɗauko wadda ta faɗi, ki fito da su a allo gefe da gefe. Ki buɗe su hawa-hawa. Kowane hawa ki tambaya, wannan lis ne ko me? Kada ki ce kin sani. Duba."

Saliha ta ɗauko ta ɗari biyu da goma, ta Muhammadu Sani mai tumatir. Suna, faɗi, masu noma: lis mai mutum biyu. Lafiya lau.

Ta ɗauko ta sha biyu.

Suna: Amiru. Faɗi: eka ɗaya da rabi. Masu noma: babu lis. Kalma ɗaya ce a wajen, null.

"Me ke nan?" in ji Bilya.

"Babu komai ke nan. Fanko."

"To shi ke nan, mutanen shiri ne suka manta. Cika mata."

"Tsaya. Ta Muhammadu Sani layi shida ce. Wannan ta fi tsawo."

A ƙasa akwai wani ɗaki da sauran gonakin ba su da shi. An rubuta masa gyara. Cikinsa alamar baka ce cikin alamar baka, rubutun ya cakuɗe a layi ɗaya dogo, ya fita gefen allo. Saliha ba ta iya warware shi ba. Ta ɗauki hoton allon gaba ɗaya ta jefa a guruf, ta rubuta, "Yaya zan buɗe na ƙasan nan?"

Kubra ta nuna mata yadda za ta sa ya jeru layi-layi. Kafin Saliha ta gama bugawa, wani saƙon ya faɗo.

"Goge hoton nan YANZU. Akwai sunayen mutane a ciki. Ƙanwata, ba a saka bayanan mutane a guruf."

Ta goge. Amma ƙasan hoton ya riga ya nuna mutum arba'in da ɗaya sun gani. Rabin 'yan guruf ɗin kuwa 'yan cibiyarsu ne, 'yan Kura da Bunkure.

Ta danna. Rubutun ya jeru.

A da: Habiba, Ummukulsum, Halimatu, Ummulkhairi.

Yanzu: babu.

Dalili: an haɗe awanninta da na gona 211.

Wanda ya gyara: sakatare.

Da kwanan wata, da ƙarfe nawa.

Daga waje ana jin injin casar shinkafa da ƙarar adaidaita.

Gona ɗari biyu da sha ɗaya ta Baballe ce.

Bilya ya fara miƙewa, ya sake zama.

"Ƙarya na'urar nan take."

"Na'ura ba ta san Baffa Baballe ba, Bilya."

"To wani ne ya shiga."

"Wa ke da wayar sakatare?"

"Ubanki."

"Wa ya sha awa takwas ranar Alhamis maimakon biyar?"

Bilya ya kawar da kai.

"Ubanka," ta ce. "Kai ka kama masa ruwan. Kai ka dawo kana ce min shinkafarku ta ƙoshi har ta yi amai."

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba. Amma ni na fitar da takardar."

Bilya ya sa hannu ya rufe laftof ɗin rabi. Muryarsa ta sauka.

"Saliha, ji nan. Mayar da sunanta a hankali, ki goge ɗakin can na ƙasa. Ta sha ruwanta, kowa ya rufa wa kowa asiri. Me za ki samu in gida ya fashe?"

"In na goge, gobe su sake cirewa. Wa zai sani?"

"Iyayenmu ne fa."

"Ummukulsum ma uba gare ta. Yana maƙabarta."

Sallama aka yi. Malam Garzali ne, ya taso daga Islamiyya, hularsa a ture, jakar hatimi a hammata. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa ɗaga wa Saliha murya ba. Shi ya sayar da buhu biyu ya biya mata cibiya ranar da 'yan uwa ke cewa me mace za ta yi da kwamfuta.

"Uwata, takardar ta fito? Ina so in buga kafin azahar, in huta."

"Ba ta fito ba, Baba."

"Wuta ce?"

"A'a."

Idonsa ya kai kan albasar nan uku. Ya kawar.

Saliha ta buɗe laftof ɗin ta juya masa. Bai iya karanta boko sosai ba, amma sunayen 'ya'yan ƙaninsa ya iya su. Ya sunkuya. Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da yatsan ya kai kan kalmar sakatare, sai ya tsaya a nan.

Ya daɗe.

"Daga ina wannan ya fito?"

"A ciki yake, Baba. Can ƙasa."

"Ai na goge."

Bilya ya sunkuyar da kai. Har zuwa lokacin Saliha tana jiran ya ce ba shi ba ne.

"Na goge da hannuna," ya sake cewa, kamar da kansa yake magana. "Na danna, suka ɓace. Na zaci kamar allo ne. In ka wanke, ya tafi."

"Wannan ba ya wankuwa, Baba. Yana ajiye na da, ya ajiye wanda ya taɓa."

Malam Garzali ya zauna a kan benci. Ya cire hular ya ɗora a gwiwa.

"Bilya, ba mu wuri."

"Baffa, da ubana a ciki. Bari in ji."

Bai sake korarsa ba.

"Yaya ne ya same ni bayan sadakar arba'in. Ya ce Amiru bai bar namiji ba, muna da gado a gonar. Gaskiya ne, muna da shi. Ya ce mace ba za ta iya tsaron ruwa ba, kafin a raba a haɗe awannin wajensa, in ya girbe ya kai musu nasu."

"An raba gadon?"

"Ba a raba ba."

"An gaya wa Inna Habiba?"

Ya juya hular a gwiwarsa.

"Baba, an gaya mata?"

"Ya ce shi zai gaya mata."

"Ta sayar da akuyarta biyu ta sayi iri. Ita da yaran suka yi dashen nan da hannunsu, kwana huɗu. Ka wuce su a kan babur, ka ce musu sannunku da aiki."

"Saliha."

"Ka ce musu Allah ya ba da yabanya."

"Ya isa!"

Wannan ne karo na farko a rayuwarta da ya ɗaga mata murya. Shi kansa sai da ya razana da muryarsa. Ya dafe goshi.

"Ke ba ki san Yaya ba. Shi ya riƙe mu da Baba ya rasu. Shi ya kai ni makarantar allo a kafaɗarsa. Shi ya yi min aure. Shekara hamsin da biyu ban taɓa ce masa a'a ba. Ban san yadda ake faɗa ba."

"To me ya sa ka ba ni aikin?"

Ya ɗago.

"Me ya sa ba ka rubuta da hannunka kamar da ba? Ka ba ni, don in an tambaya a ce na'ura ce. A ce yarinya ce ba ta iya ba. Jiya a bakin famfo mata na cewa 'yar Malam ta koyo kwamfuta ta kashe wa marayu albasa. Ka ji, ko ba ka ji ba?"

"Na ji."

"Ka yi shiru."

"Na yi shiru."

Ba ta yi kuka ba. Ta juyo da laftof ɗin gabanta. Wayarta ta yi ƙara, Kubra ce.

"Kin ga matsalar?"

Ta rubuta, "Na gani."

"Kod ne ko data, wato bayanan da ke fayil ɗin?"

Saliha ta kalli mahaifinta. Ta rubuta, "Ba kod ba ne."

"To wannan ba ni zan gyara miki ba. Abu ɗaya: in kin mayar, kada ki goge tarihin. Ki ƙara layi a ƙasansa, ki sa sunanki. Allah ya ba ki sa'a."

Haka ta yi. Ta kwafi sunaye huɗun daga inda aka binne su, ta mayar da su cikin lis. Ta ƙara layi a ɗakin gyara: an mayar da masu noma, Saliha Garzali, yau Laraba. Ta danna. Babu jan rubutu. Ta sa ya ƙirga.

Saba'in.

Firinta ta yi tari ta fara jan takarda. Bilya ya tashi ya zaro ta, ya duba. Gona 211, Alhamis, awa biyar. Gona 212, Alhamis, awa uku, daga hantsi zuwa azahar. Ya kalli sunan ubansa. Sai ya ajiye takardar a gaban Malam Garzali, a gefen albasar, da hannunsa.

"Baffa, ga ta."

Malam Garzali bai taɓa ba.

"Kun san abin da kuke sa ni?"

"Ba mu sa ka komai ba, Baba. Takarda ce. In ka ga dama ka buga, in ka ga dama ka yaga. Amma ni ba zan sake fitar da mai sittin da tara ba. In ita ake so, a samo wani."

Ladan ya fara gyaran murya a lasifikar masallacin bakin titi.

Malam Garzali ya ɗauki ɗaya daga cikin albasar. Ya murza ganyen, ya karye a hannunsa. Ya duba gindin, da sauran ɗanye kaɗan.

"Wannan in ta sha gobe za ta tashi," ya ce a hankali. "In ta kai Asabar, sai dai a kaɗa shanu."

Ya buɗe jaka. Ya fito da hatimin. Ya hura masa iska kamar yadda ya saba, ya danna a tawada.

Ya buga.

Ƙarar ba ta gama fita daga ɗakin ba suka ji babur ya tsaya a ƙofa da ƙarfi. Ba a kashe shi ba ma.

Baballe ya shigo babu sallama. Ƙato ne, wandonsa a naɗe, laka har gwiwa. Hannunsa na hagu waya, ta wani ce, ba tasa ba. Hannun dama kuma ƙarfen da ake murɗa ƙofar ruwa da shi. Guda ɗaya ne tal a ƙofar nan, kuma a ɗakinsa yake kwana.

Ya ɗaga wayar. Hoton da Saliha ta goge ne.

"A wajen mai shayi aka nuna min. Yara na miƙa wa juna. Wa ya saka ni a waya?"

"Ni ce, Baffa. Kuskure na yi wajen saka hoton, na kuma ba ka haƙuri a kan wannan. Abin da ke ciki kuwa ba ni na rubuta ba."

Ko kallonta bai yi ba. Ya dubi ɗansa.

"Kai kuma kana zaune."

"Ina zaune, Baba."

Ya matso tebur. Ya ga takardar, ya ga hatimin, tawadar ko bushewa ba ta yi ba. Ya ga ɗari biyu da sha biyu. Lamba dai ya iya ta.

"Garzali. Kai ka buga wannan?"

"Ni na buga, Yaya."

Baballe ya yi wata dariya marar daɗi. Ya ɗora ƙarfen a kan tebur, a kan takardar, bai sake shi ba.

"To madalla. Ku buga ɗari. Ku liƙa a masallaci, ku liƙa a tasha. Gobe da hantsi sai ku kai takardar bakin kanal ta murɗa muku ƙofa."

Ya ɗauke ƙarfensa ya juya.

A bakin ƙofa Habiba ce tsaye, da mayafinta, da ƙaramar fartanya a hannu. Babu wanda ya san tun yaushe take wajen. Ba ta matsa ba.

Saliha ta ji benci ya motsa a bayanta.

Malam Garzali ya miƙe. Ya mayar da hularsa, ya daidaita ta. Ya zagayo tebur har ya tsaya gaban yayansa. Ya miƙa masa hannu.

"Yaya," ya ce. "Ba ni ƙarfen."